Bayan Sallah da kwana uku: abin da ke mayar da mashayi gidan jiya

Duk shekara in Sha'aban ya raba, akwai gidaje a Garwa da Marwa da Ngaundare, a Arewacin Kamaru, da ake wani lissafi a zuci, ba mai furta shi. Uwa tana yi, matar gida tana yi: azumi ya kusa, zai daina shan giya. Kuma yakan daina ɗin. Wata guda cur ba ya kusantar kwalba. Ana ganinsa a sahun asham, fuskarsa ta washe, yana dawowa gida kafin a sha ruwa da ƙanƙara a leda. Mutanen gida su ce alhamdulillahi, Allah Ya shirye shi. Ranar Idi ya saka sabuwar shadda ya kai yara gaisuwa. Kafin masu sittu Shawwal su gama nasu azumin, sai wani dare ya shigo yana tauna kanumfari, ido jawur, ya wuce ɗaki bai ce wa kowa uffan ba.

Sunan da muke ba wannan a bakin kowa yake: tuban muzuru. Ni ma na daɗe ina faɗar haka a kan ɗan ƙanwar mahaifiyata, wanda ya shafe shekaru yana wannan zagaye. Ban daina ba sai ranar da na tsare shi a zaure ina ta faɗa, ya bar ni na gaji don kaina, sannan ya ce, "Yaya, wallahi na manta rabon da in ji daɗinta. In ban sha ba ne ba na iya zama cikin mutane." A lokacin na ɗauka kare kai yake yi. Daga baya na gane cewa a wannan jimla ɗaya ya faɗi abin da likitocin ƙwaƙwalwa suka yi shekaru suna bincike kafin su tabbatar.

Mu fara da jiki, domin a nan ne muka fi jahiltar lamarin. A ƙwaƙwalwa akwai sinadaran da aikinsu su kwantar da mutum, babbansu ana kiransa GABA, akwai kuma masu zaburar da shi, babbansu gulutamet. Duk wanda ya taɓa hawa babur ya san birki da totur. Giya tana taka birki, tana kuma sassauta totur, shi ya sa wanda ya sha yake jin kafaɗunsa sun sauka, tunanin bashi ya yi nisa, harshe ya saki. Sai dai ƙwaƙwalwa ba ta yarda a bar ta a danne. In ana taka mata birki kullum, wata da watanni, sai ta rage ƙarfin birkinta na asali ta ƙara murɗa totur don tafiya ta daidaita. Wannan ne dalilin da mai buguwa da kwalba ɗaya bara yake shan huɗu bana yana tafiya garau, har abokai suna yaba masa wai kansa yana da ƙarfi. To ranar da aka janye giyar fa? Birkin aro ya tafi, na asali ya yi laushi, totur kuwa a murɗe yake har ƙarshe.

Abin da ke biyo baya yana da tsari, kusan a iya duba agogo. Awa 6 zuwa 24 bayan kurɓar ƙarshe hannu ya fara karkarwa, gumi, tashin zuciya, bugun zuciya, fargabar da ba a san dalilinta ba. A cikin kwana biyun farko wasu sukan faɗi suna jijjiga kamar masu farfaɗiya. A kwana na biyu zuwa na huɗu kaɗan daga cikinsu kan shiga mataki mafi haɗari: zazzaɓi, ruɗewa, rashin sanin inda suke, gane-ganen ƙwari ko macizai a bango, jin muryoyin da ba kowa ke ji ba. Wannan matakin yana kisa in ba a kai asibiti ba. A unguwanninmu idan aka ga haka abu biyu ake cewa, ko zazzaɓin sauro ya hau kai, ko iska ta taɓa shi. A kira mai ruƙiyya, a turara masa hayaƙi, alhali wanda ya san gaskiyar abin, wato matarsa ko abokinsa, yana tsaye ya yi gum don kada asiri ya tonu. Ba na hana addu'a, Allah Ya kiyaye. Amma mutumin da ya shekara yana sha kullum, har sai ya kurɓa da safe hannunsa ke tsayawa, bai kamata ya yanke rana ɗaya shi kaɗai a ɗaki ba, ko da rantsuwa aka sa shi, ko da ɗaya ga Ramadan ne. Likita yana da maganin da ke riƙe birkin na 'yan kwanaki a riƙa rage shi sannu a hankali, yana kuma ba da bitamin B1, wanda giya ke ƙarar da shi a jiki, rashinsa kuma ke lalata ƙwaƙwalwa. Magungunan nan ba masu tsada ba ne. Sai dai a hannun ma'aikacin lafiya ake karɓarsu, domin irinsu da ake saya a tiren masu talla, in aka haɗa da giya, suna iya tsayar da numfashi. Wani abin lura kuma, duk lokacin da mutum ya yanke ya koma, ya sake yankewa, ciwon yankewar na gaba yakan fi na baya tsanani.

Wannan duka mako ɗaya ne. Da a nan wahalar ta tsaya da azumi ɗaya ya warkar da kowa.

Abin da ya fi daɗewa shi ne abin da giya ta yi wa ma'ajiyar tsoro da damuwa a jikin mutum. Kowane ɗan Adam yana da wani tsari da ke tashi in haɗari ya zo: ƙwaƙwalwa ta aika saƙo, wasu 'yan halittu da ke saman ƙoda su saki sinadarin kotizol da ɗan'uwansa adirenalin, zuciya ta ƙara gudu, barci ya gudu, hankali ya tattaru wuri ɗaya. In haɗarin ya wuce komai ya lafa. Shan giya mai yawa na tsawon lokaci yana birkita wannan tsari, ya bar shi a kunne ko babu abin tsoro. Wani masani a Amurka, George Koob, wanda aka naɗa shugaban cibiyar binciken giya ta ƙasar a 2014, ya shafe rayuwarsa yana nuna yadda dalilin sha ke juyawa. Da farko mutum yana sha don ya ji daɗi. A ƙarshe yana sha don ya tsere wa ƙuncin da ita giyar ce ta haifar. Kowane dare tana ba shi rancen natsuwa na awa biyu, da asuba ta karɓi abinta da riba. Wanda ya daina kuwa, bashin da ya taru shi ne ke jiransa.

Shi ya sa watannin farko bayan dainawa ba su zo da sauƙin da kowa ke tsammani ba. Mutum ya zama mai saurin fushi, kukan jariri ya ishe shi, ƙaramar magana ta tsaya masa a rai kwana biyu. Abinci ba daɗi, hira ba daɗi, ƙwallon da yake kwana kallo ta zama ba komai, domin sashen ƙwaƙwalwa mai jin daɗi ya saba da babbar girgiza har ƙananan ni'imomin rayuwa ba sa motsa shi. Barci ne mafi muni. Giya tana sa mutum faɗuwa barci da wuri, amma tana yayyanka rabin dare na biyu, kuma bayan an daina ta barcin kan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, kafin ya koma daidai. Yanzu ka ɗauki wannan mutum ka ajiye shi a ɗakin kwano a Garwa cikin watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40 da rana, dare bai huce ba, an ɗauke wuta, ƙarfe biyu ya yi ido biyu, kuma ya san abin da zai sa shi barci cikin minti ashirin yana nan a kan kwana da sefa 100. Masu bincike sun daɗe da gano cewa wanda barcinsa bai gyaru ba ya fi kusa da komawa. Mu kuwa a gida muna kallonsa muna cewa, "To ba ka daina ba? Meye kuma na ɗaure fuska?"

Akwai kuma abin da damuwa ke yi wa niyya ita kanta. Sashen gaban ƙwaƙwalwa, bayan goshi, shi ne mai auna gobe, mai tuna alkawari, mai cewa dakata. In damuwa ta yi yawa, ko yunwa, ko rashin barci, wannan sashe ne ke fara yin sanyi, ragamar ta koma hannun sabo. Kowa ya san haka a kansa: ranar da ranka ya ɓaci ƙafarka ce ke kai ka inda ta saba, ba shawara. Rajita Sinha ta jami'ar Yale ta yi gwaje-gwaje inda ake sa waɗanda suka daina sha su tuna wani tashin hankali da ya taɓa samunsu, sai ƙishirwar giya ta taso musu nan take, kuma waɗanda ta fi taso wa su ne suka fi saurin komawa bayan an sallame su. Ma'ana, daidai lokacin da mutum ya fi bukatar niyyarsa, lokacin ne take da rauni. Sabo kuma yana da 'yan aike ko'ina: hanyar da ta bi ta Yelwa a Garwa ko Domayo a Marwa, sanyin bayan isha'i, ranar da albashi ya shigo ko aka biya kuɗin auduga, muryar wani aboki a waya yana cewa "kana ina?" Kowanne daga cikinsu yana iya tayar da ƙishirwar kafin mutum ya san ya yi tunaninta.

In aka fahimci wannan, sirrin Ramadan ya fito fili, kuma bai rage wa watan albarkarsa da komai ba. A Ramadan gari gaba ɗaya ke canzawa tare da mashayin. Lokacin da ya saba fita an cike shi da buɗa-baki da asham da tafsiri. Abokan shansa Musulmi su ma sun janye. Kowa yana jin yunwa da ƙishirwa, don haka wahalarsa ba ta sa shi zama bare. Ana yi masa kyakkyawan zato, ana kiransa cin abinci, ba mai yi masa gori. Ga kuma iyaka, kwana talatin, ana ƙirgawa ana ragewa. Ranar Sallah da yamma duk wannan rumfa ake kwashewa lokaci guda. Abin da ya rage masa shi ne bashin ɗinki da na kayan Sallah, ƙwaƙwalwar da ba ta gama warkewa ba, da dogon dare da ba a tsara masa komai ba. Irin wannan aka gani a sojojin Amurka da suka kamu da shan hiroyin a yaƙin Biyetnam: binciken Lee Robins a shekarun 1970 ya nuna mafi yawansu da suka koma gida, wuri ya canza, abokai suka canza, fargabar yaƙi ta kau, ba su koma wa jarabar ba. Namu mashayin kullum ana mayar da shi filin da ya baro.

Filin kuwa ba mai sauƙi ba ne. Wanda ya san Arewacin Kamaru kafin 2014 ya san yadda kasuwancin iyaka ke ciyar da dubban gidaje, daga Banki da Amchide zuwa Fotokol da Kusuri. Rikicin Boko Haram ya karya wannan hanya shekara da shekaru, ya tara 'yan gudun hijira a Minawawo, ya cika Mora da Marwa da mutanen da suka baro gonakinsu. Akwai samarin da suka ga abin da ido bai kamata ya gani ba, ba wanda ya taɓa zaunar da su ya tambaye su me suke gani in sun rufe ido. Da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023, man zuwa-zuwa da ake sayarwa a kwalabe a bakin titi ya yi tsalle, a gidan mai kuma lita ta tashi daga sefa 630 zuwa 730 a 2023, ta kai 840 a 2024. Mai haya da babur shi ya san abin da wannan ke nufi da yamma in zai kai wa mai babur kuɗinsa. A 2024 ambaliya ta cinye gidaje da gonaki a Yagwa da bakin Logon har cikin Chadi. Talauci ba ya sa kowa shan giya, mafi yawan waɗanda suka sha wannan wuya ba su taɓa kurɓa ba, kuma masana sun nuna kusan rabin haɗarin kamuwa gado ne, wani jikin ya fi wani saurin kamawa. Amma wanda ya riga ya kamu, kowane ɗaya daga cikin waɗannan ƙarin dutse ne a kan kayan da yake ɗauke da su yana hawan tudu.

Sannan ga leda. Tun 2014 gwamnatin Kamaru ta fitar da dokar hana wiskin leda, aka yi ta ɗage wa'adin, har yau yana nan a shaguna da tebura. 'Yar leda ce da ba ta cika tafin hannu ba, amma biyu daga cikinta sun fi babbar kwalbar giya ƙarfi, kuɗinsu kuma bai kai rabin nata ba. Tana shiga aljihun riga, ana shanye ta a bayan gida cikin daƙiƙa goma. Kamar don mu aka yi ta. Ina faɗar haka ne saboda yadda Bahaushe ko Bafulatani Musulmi ke sha ya bambanta da na maƙwabcinsa. Mutanen Tupuri da Mundang da Mafa da Giziga suna da bilbil a al'adarsu, ana dafa ta da dawa, ana sha a ƙwarya a bainar jama'a ranar kasuwa ko gayya ko makoki, mata da yawa da ita suke biyan kuɗin makarantar 'ya'yansu. Su ma tana yi musu ɓarna, arki ma ya fi, wato barasa mai ƙarfi da ake tacewa a gida, wanda in an dafa shi ba daidai ba yana makantarwa. Amma mai sha a fili akwai idon da ke ƙirga masa, akwai tsohuwar da za ta ce ya isa haka. Namu yana tafiya unguwa mai nisa, ko ya sha shi kaɗai, da sauri, mai ƙarfi, sau da yawa ciki ba komai. Ba a sanin halin da yake ciki sai abin ya yi nisa.

Ɓoyon kansa wani nauyi ne. Mutum ya wuni yana lissafin wa ya gan shi, me ya faɗa wa wa, ina ya ajiye ledar, ko liman ya ji wari da suka gaisa. In ya je asibiti sai ya ce olsa ce ko taifot, a rubuta masa maganin da ba na ciwonsa ba. Wannan yana da haɗari na musamman a yankinmu, domin ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a Kamaru, kimanin babba ɗaya cikin goma na ɗauke da shi, Arewa kuma ta fi ko'ina, da yawa ba su ma sani ba. Hantar da ƙwayar cuta ke ci ta ciki in aka ƙara mata giya ba ta daɗewa. Ranar wanka ba a ɓoye cibiya, amma kafin mutum ya buɗe baki sai ya tabbata abin da ya faɗa ba zai riga shi isa unguwa ba.

Yanzu mu dubi abin da mu dangi muke yi, da kyakkyawar niyya. Mu tara shi gaban manya mu kunyata shi. Mu ɗauko Alƙur'ani mu ce ya dafa. Mu ce a yi masa aure ya natsu, wato a ɗora masa haya da cefane da surukai a lokacin da ko kansa bai iya riƙewa ba, a kuma jefa 'yar mutane cikin abin da ba a gaya mata ba. Wasu su kai shi gidan mari, duk da abin da duniya ta gani a 2019 lokacin da 'yan sanda suka buɗe irin waɗannan gidaje a Kaduna suka fito da ɗaruruwan mutane da sarƙa a ƙafa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana ƙara ainihin abin da ke tura shi ga kwalba. Rantsuwar nan ta fi ba ni tsoro. Alan Marlatt, wanda ya yi suna a nazarin komawa shaye-shaye, ya lura cewa mafi yawan komawa na faruwa ne a yanayi uku: ɓacin rai, rigima da wani na kusa, da matsin abokai. Ya kuma lura da abin da ke mayar da tuntuɓe ɗaya ya zama faɗuwa: mutum ya ce wa kansa shi ke nan, na ɓata komai, ni dama ba mutumin kirki ba ne, sai ya ci gaba. To wanda ya dafa Alƙur'ani gaban mahaifiyarsa, ya zo ya kurɓa sau ɗaya, me yake faɗa wa kansa a daren nan? Ɗan'uwana ya gaya mini cewa bayan ya karya tasa rantsuwar wata huɗu bai shiga masallaci ba, don yana ganin ƙasa za ta haɗiye shi. A wata huɗun nan ya sha fiye da yadda ya taɓa sha.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne addinin da muke yi wa wannan tsanani da sunansa bai bi da mutane haka ba. Haramcin giya tabbatacce ne, ba mai jayayya. Amma daki-daki ya sauka: a Baƙara aya ta 219 aka ce zunubinta ya fi amfaninta, a Nisa'i aya ta 43 aka hana kusantar salla cikin maye, sai a Ma'ida aya ta 90 aka ce a nisance ta gaba ɗaya. Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta ce da abin da ya fara sauka shi ne kada ku sha giya, da mutane sun ce ba za mu taɓa barinta ba. Aya ta 89 a Ma'ida, wadda ta zo daf kafin ayar giya, ita ce ta kaffarar rantsuwa: ciyar da miskinai goma ko tufatar da su, wanda bai samu ba ya yi azumin kwana uku. Ƙofa a buɗe take ga wanda ya karya. Kuma a Bukhari akwai labarin sahabin da ake ta kawowa gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda shan giya. Wani ya la'ance shi don yawan kawo shi da ake yi, Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. A wata ruwayar ya ce kada ku zama mataimakan Shaiɗan a kan ɗan'uwanku. An hukunta shi, ba a kore shi daga sahu ba. Ban taɓa jin an karanta wannan hadisi a zaman da ake tara mashayi ba.

Komawa bayan dainawa ba baƙon abu ba ne a wannan ciwo. Wani nazari da aka buga a 2000 ya nuna kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na waɗanda aka yi wa magani kan koma cikin shekara guda, adadin da ya yi kusa da na masu hawan jini da asma da ciwonsu ke tashi. Ba wanda ke cewa mai hawan jini munafuki ne don jininsa ya sake hawa, magani ake gyara masa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 kaɗai giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6, kuma kimanin miliyan 400 ke fama da matsalar shanta. Da yawa daga cikin waɗanda suka rabu da ita har abada sai da suka faɗi sau da dama. Akwai magunguna irin su naltrexone da acamprosate da ke rage ƙishirwar, akwai ƙungiyoyin taimakon juna irin Alcoholics Anonymous da aka kafa a 1935, da Croix-Bleue da ta samo asali a Janeba a 1877 take kuma aiki a Chadi. Abin da waɗannan ƙungiyoyi ke bayarwa, in aka tace shi, wuri ne da mutum zai faɗi gaskiya ba a tsine masa ba, da wanda zai kira ƙarfe goma na dare. Mu da muke da zumunci da majalisa da masallaci a kowane lungu, bai kamata a ce wannan ya gagare mu ba. A kula kuma da canji na ƙarya: wanda ya bar kwalba ya koma tiramol ko maganin tari ya gudu ne bai tsira ba, ramin ɗaya ne.

Kada a fahimce ni ba daidai ba game da matan gida. Tausaya wa mashayi ba ya nufin mace ta zauna ana dukanta, ko yara su kwana da yunwa an shanye kuɗin cefane. In abin ya kai haka, kare ta da 'ya'yanta shi ne farko, kuma aikin iyayenta da nasa ne, ba a bar ta da "ki yi haƙuri" ba. Ita ma tana ɗauke da damuwar da ba mai tambayarta. Iyaka daban, wulaƙanci daban. Ana iya ce wa mutum ba za ka kwana a gidan nan cikin maye ba, gobe da safe kuma a zo a raka shi asibiti.

A gidanmu abin da ya canza ba wani babban abu ba ne. Kawunmu ne ya fara, ya ce a daina tara masa jama'a. Aka kai shi wurin wani ma'aikacin lafiya a wata unguwar, ya faɗi adadin da yake sha ba ragi, aka riƙe shi kwanakin farko, aka auna hantarsa. Muka zauna muka rubuta basussukansa a takarda, abin da ya fi shekara yana gudun yi, ya zamana sun fi ƙanƙanta da yadda suke a kansa. Ya daina karɓar kuɗin aikinsa a dunƙule. Ya canza hanyar dawowa daga kasuwa, ta fi nisa amma ba ta bi ta inda ya saba tsayawa. Bayan isha'i yana zama wurin mai shayi da ƙanena har barci ya fara ɗaukarsa, domin mun gane tsakanin ƙarfe takwas da sha ɗaya ne abin ke kama shi.

Ya sake faɗuwa sau ɗaya, makon da aka sace babur ɗin da yake haya da shi. Washegari da hantsi ya kira ni da kansa, muryarsa na rawa, ya ce, "Yaya, na sha jiya." Na ji faɗan nan na dā ya taso mini har maƙogwaro. Na haɗiye, na ce ya ci abinci tukuna, ina zuwa. Kwana biyu abin ya ɗauka a wannan karon. A na uku muka tafi tare wurin mai babur don a san yadda za a yi da biyan.